Idan Ƙa'ida Ta Canza Bayan An Buga Littafi: Tambayoyi da Amsoshi Kan Gyara a Wasan Labari na Tebur

Duk ranar Asabar bayan la'asar muna taruwa a wani zaure a Tudun Wadan Gombe, mu shida, wata rana bakwai. Akwai tabarma, da ɗan teburi mai gajerun ƙafafu, da littafi mai kauri wanda bangonsa ya fara sakin jiki, da fensira, da gwangwanin da muke zuba dayis. Ni ke jan wasan. A tsawon zaman nan babu abin da ya jawo mana musu kamar ƙa'idar da aka gyara a can inda aka buga littafi, mu kuma labari bai iso mana ba. Tambayoyin da ke nan wasu daga teburinmu suka fito, wasu daga ƙannenmu na Yelwa a Bauchi waɗanda suka ɗaura aniyar rubuta nasu wasan da Hausa.

Wane irin wasa ne wannan, kuma me ya haɗa shi da gyara?

Ka ɗauki tatsuniya, amma maimakon yara su ce "ta zo mu ji ta" su yi tsit, sai kowa ya zama ɗaya daga cikin mutanen labarin. Wannan maharbi ne, wancan barde, waccan mai maganin daji. Mai jan wasa zai siffanta musu kurmi ko birni ko kogon dodo, su kuma su faɗi abin da za su yi. In abin yana da haɗari sai a jefa dayis. Akwai mai fuska 6 irin na ludo, akwai mai 4, mai 8, mai 10, mai 12, sannan babbansu mai fuska 20. Abin da dayis ya nuna, a haɗa da lambobin da ke kan takardar jarumi, shi zai nuna ko an tsallake ko an faɗa.

Wasan da ya buɗe wannan fage shi ne Dungeons & Dragons (D&D), wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974 ta hannun kamfanin TSR. A 1997 Wizards of the Coast ya sayi TSR, a 1999 kuma Hasbro ya sayi Wizards. Littafin 'yan wasa da suka fitar a 2014 ya haura shafi 300, cike da jadawali da lambobi da ɗaruruwan nau'o'in sihiri, kowace ƙa'ida tana jingine da wata. Ƙa'idar ludo ko dara kana iya koya wa yaro ita kafin shayi ya huce. Wannan kuwa littafin doka ne sukutum, kuma ɗan Adam tara yake bai cika goma ba. Kuskure sai ya shiga. Abin da nake auna kamfani da shi shi ne halinsa bayan kuskuren ya bayyana.

Duk gyara ba ɗaya ba ne?

A'a, kuma nan ne tushen yawancin rigima. Gyara iri uku ne, sai dai kamfanoni suna yawan zuba su a ƙwarya ɗaya su ba su suna ɗaya.

Akwai kuskuren hannu: an so rubuta 15 aka rubuta 51, ko an ce "duba shafi na 90" alhali bayanin yana shafi na 96, ko layi guda ya zame daga jadawali wajen tsara shafi. Wannan babu mai jayayya a kai. A gyara, a wuce.

Akwai fayyacewa. Ƙa'idar tana nan yadda marubuci ya nufa, amma maganar ta ɗauki fassara biyu. A ce an rubuta cewa jarumi zai iya kai sara na biyu "sau ɗaya a zagaye". Zagayensa shi kaɗai ake nufi, ko zagayen da kowa a tebur ya yi nasa? 'Yan wasa kuwa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: duk wanda fassara ɗaya ta fi yi wa daɗi, ita zai riƙe. Kamfani ya sake rubuta jimlar yadda ba za ta ɗauki ma'ana biyu ba, ya kuma kawo misali ɗaya na yadda abin ke gudana a tebur.

Na ukun shi ne canji na gaske. An rubuta ƙa'idar daidai, an fahimce ta daidai, amma da dubban mutane suka yi wasa da ita sai aka ga ta fi ƙarfin sauran, ko ta yi rauni har ba mai zaɓenta. Wannan ba kuskuren maɗaba'a ba ne, marubuta ne suka sake shawara. Ba laifi ba ne mutum ya sake shawara. Laifin shi ne ya ɓoye ta a tsakiyar jerin waƙafi da aya da aka gyara, kamar ba a taɓa komai ba. Tela da ya rage maka tsawon wando ya ce gyara ya yi, gaskiyarsa. In ya mayar da babbar riga kaftani kuwa, ya faɗa maka ɗinki ya sake.

Don haka abin da nake nema a kowace takardar gyara shi ne a sa wa kowane layi alamar ko wane iri ne cikin ukun. Na uku kuma a bi shi da jimla ɗaya ko biyu ta dalili.

Ko akwai misalin canjin da ya dace?

Akwai. A wani littafin D&D mai suna Xanathar's Guide to Everything na 2017 an kawo wani sihirin warkarwa mai suna Healing Spirit. Mai yin sa zai kira wani ruhi ya tsaya a wuri guda har tsawon minti ɗaya, duk wanda ya shiga wurin a jefa masa dayis mai fuska 6 a ƙara masa lafiya. A tsakiyar yaƙi abin bai wuce kima ba. Amma a lissafin wasan zagaye ɗaya daƙiƙa 6 ne, wato minti ɗaya zagaye 10 ke nan. Sai 'yan wasa suka gane cewa da an gama yaƙi za su iya yin layi, kowa ya riƙa ratsa wurin a kowane zagaye, kowa ya sami jifa 10. Ƙaramin sihiri ya wayi gari yana warkar da ayari guda fiye da manyan da suka fi shi tsada. A 2020 kamfanin ya sa masa iyaka: ruhin zai warkar ne sau ƙalilan, gwargwadon ƙwarewar mai sihirin, sannan ya ɓace.

Ni ina ganin canjin ya yi daidai, domin in lafiya ta zama ruwan rijiya, tsoro ya fita daga labari, kuma labarin da babu tsoro a cikinsa ba ya riƙe mutane a tabarma. Amma ka lura, wanda ya gina jaruminsa kacokan a kan wannan sihiri ya yi asara ta gaske. Irin wannan mutum ya cancanci a gaya masa kai tsaye cewa an rage wa abinsa ƙarfi, ga kuma dalili.

A ina ya kamata gyaran ya zauna, kuma a wace siga?

A wuri ɗaya, kyauta, ba tare da sai mutum ya buɗe asusu ko ya biya kuɗin wata-wata ba. Wanda ya sayi littafi ya riga ya biya kuɗin ƙa'ida sahihiya. Gyara cikon hakkinsa ne.

Maganar siga kuma a nan nake so masu wallafa su tuna da irinmu. Littafin da ya iso Gombe sau da yawa ya bi ta hannu uku ko huɗu: wani ya sayo a waje, ya sauka Legas ko Abuja, aka ba direba saƙo. Wani lokacin ma na hannu ne, tsohon bugu. Babu shagon da za mu koma mu ce a musanya mana. Abin da za mu iya shi ne mu sauke takarda a waya, mu kai shagon kwamfuta kusa da ƙofar jami'a a buga mana, mu yanka mu liƙa. To takardar gyaran da aka cika ta da hotuna masu launi da bango mai duhu tana cinye data, tana cinye tawada, mai shago kuma zai caje ka kuɗin launi a banza. Farar takarda da baƙin rubutu ta wadatar.

Kowane layi ya zo da lambar shafi, da sakin layin da abin ya shafa, da tsohuwar magana, da sabuwa cikakkiya. "A cire kalma ta uku a layi na biyar" ba ya taimakon kowa. A rubuto jimlar gaba ɗaya yadda za a iya yanka ta a manna a kan tsohuwar. A saman takardar a sa kwanan wata da lambar fitowa. Kuma duk lokacin da aka ƙara sabon abu, a yi masa alama, don kada wanda ya karanta shafi 12 bara ya sake bin su layi-layi yana neman abu uku da aka ƙara bana. Wizards suna sa irin wannan alamar a takardunsu na gyara, kuma abu ne mai sauƙi da ya kamata kowa ya kwaikwaya.

Paizo, masu wasan Pathfinder da ya fara fitowa a 2009, sun yi wani abin a yaba: ƙa'idojinsu suna nan kyauta a dandalin Archives of Nethys da yardarsu. Wanda littafinsa ya tsufa zai iya duba yadda ƙa'ida take a yau ba tare da ya sake saye ba.

Ta yaya zan san ko littafina tsohon bugu ne?

Buɗe shafin farko-farko inda ake rubuta hakkin mallaka da sunayen waɗanda suka yi aiki. Wasu kamfanoni suna rubuta bugu na nawa ne da shekararsa. Wasu suna jera lambobi, kamar 9 8 7 6 5 4, mafi ƙanƙanta a jerin ita ce lambar bugun da ke hannunka. A bambanta abu biyu: bugu shi ne sake buga littafi ɗaya da 'yan gyare-gyare, zubi kuwa sake gina wasan ne.

Kamfanin da ya gyara rubutu bai canza wannan shafin ba ya jefa mutane cikin duhu, kuma mun ɗanɗana. Akwai wani wasa na wani ƙaramin kamfani da muka yi watanni muna yi. Ƙanwata tana jan wata jaruma mai garkuwar fata, ta raine ta tun daga matakin farko. Wata Asabar ɗan fashi ya kai mata suka a mashigin dutse, na jefa dayis, ya nuna 14. Ta duba takardarta, ta ce, "Hamma, bai same ni ba. Goma sha uku ne da ni, garkuwa ta ƙara biyu." Wani ɗalibi da ke gefenta ya ɗago wayarsa ya ce, "Malam, a nawa ɗaya aka rubuta." Muka ajiye littafi da waya gefe da gefe a kan tabarma. Shafi ɗaya, hoto ɗaya, shekara ɗaya a gaba, babu wata alama da ke nuna wanne ya riga wanne. Nawa 2, nasa 1. In nawa ne, mashin ya goce. In nasa ne, ya shige, kuma lafiyar da ta rage mata ba za ta ɗauka ba. Ta riƙe fensirinta ta yi shiru tana kallona. Na yanke cewa da littafin da muka fara da shi za mu ƙarasa. Aka kira magariba ba mu koma cikin labarin ba, zaman ranar ya tafi a kan lamba ɗaya.

Sau nawa ya kamata a riƙa fitar da gyara?

Hanya biyu ce ke ɓata abin, kuma duk an gwada su.

Ta farko ita ce a jira sai littafin ya ƙare a kasuwa an zo sake bugawa. Littafin da ke tafiya da sauri zai sami gyara da wuri, wanda kasuwarsa ta yi sanyi kuwa kuskurensa zai shekara da shekaru, ko ya dawwama. Paizo sun daɗe a kan wannan tsari, sai a farkon 2023 suka sanar cewa za su raba gyara da sake bugu, su riƙa fitar da shi a kan lokaci, sau biyu a shekara.

Ta biyu ita ce a riƙa yayyafa gyara ba ƙaƙƙautawa. Zubi na huɗu na Dungeons & Dragons, wanda ya fito a 2008, ya yi suna a nan. Makonni kaɗan bayan fitowarsa aka sake lambobin wani muhimmin sashe na littafin mai jan wasa, daga nan gyare-gyare suka yi ta biyo baya. Wanda ke biyan kuɗin manhajarsu ta intanet yana ganin sabuwar ƙa'ida nan take, mai littafin takarda kuwa kullum yana baya. Littafin da ka saya da tsada ya zama abin da ba ka amince da shi ba sai ka duba wani wuri.

Masu zuwa gidan kallo sun san mafita, ko da ba su lura ba. Hukumar IFAB da ke tsara dokokin ƙwallon ƙafa tana zama a farkon shekara ta amince da canje-canje, ta sanar da su, su fara aiki ranar 1 ga Yuli. Gasar da ta riga ta fara kuma an yarda ta ƙarasa da tsohuwar doka. Kowa ya san ranar, kowa ya sami lokacin shiri, ba a canza wa ɗan wasa doka yana tsakiyar fili. Haka ya kamata: kuskuren da ke hana a yi wasa ɗungum a sanar da shi nan da nan, sauran kuwa a tara su zuwa ranar da aka sani.

Idan marubucin wasan ya ba da amsa a X (tsohon Twitter) ko a hira, ta zama doka?

Bai kamata ba. Amsa tambayoyin ƙa'ida tsohuwar al'ada ce, tun zamanin mujallar Dragon akwai fili mai suna Sage Advice da ke yin haka. A zamanin zubi na biyar na D&D, wato wanda ya fito a 2014, Jeremy Crawford, wanda ya jagoranci tsara ƙa'idojin, ya amsa tambayoyi masu ɗimbin yawa a Twitter, har mutane suka riƙa kawo hoton amsarsa tebur a matsayin hujja. Daga baya kamfanin ya fayyace cewa hukuncin da ke da ƙarfi shi ne wanda aka tattara a kundin Sage Advice, maganganun ma'aikata a wasu wurare kuwa shawara ce. Wannan shi ne daidai. Amsar da aka rubuta a tsaye, cikin layi biyu, ga tambayar mutum ɗaya, ba za ta ɗaure wanda bai taɓa ganinta ba. In amsar tana da muhimmanci, a ɗauke ta a kai cikin kundi.

Littafin da ke kan intanet fa, ba sai su gyara shi kawai ba?

Su gyara, amma da sharaɗi biyu: su faɗa, kuma su bar tsohon a inda mai shi zai same shi.

Kasuwar littattafan wasa ta intanet, DriveThruRPG, tana ba mai wallafa damar ɗora sabon fayil ya kuma aika wa duk wanda ya saya sanarwa. Alheri ne babba, musamman ga wanda ke nesa. Amma sanarwar da ta ce "an sabunta fayil" ta yi shiru ba ta yi rabin aiki ba. Me aka sabunta? A wane shafi? Ni da na riga na buga shafi 200 na kai an ɗinke mini su da zobe, ina bukatar sanin shafi huɗun da zan sake bugawa.

Haɗarin ya fi girma inda littafin ba ya hannunka, yana cikin manhajar kamfani. A watan Agusta na 2024, gab da fitowar sabon littafin 'yan wasa, dandalin Wizards mai suna D&D Beyond ya sanar cewa sihiri da kayan tsafi na 2014 da ke kan takardun jarumai za su koma sabon salo. Ma'ana, mutumin da ke tsakiyar labarin da ya shekara yana yi zai buɗe takardarsa ya tarar da wata ƙa'ida daban. Mutane suka yi ca, cikin 'yan kwanaki kamfanin ya janye, ya bar tsoho da sabo gefe da gefe, kowa ya zaɓa. Janyewar abin yabo ce. Darasin da ke ciki ga kowane mai wallafa shi ne tun farko kada ya taɓa abin da mutum ya saya ba da izininsa ba.

Idan abin da ke bukatar gyara ba lamba ba ce, cin zarafin wasu mutane ne?

Wannan ya fi kowane nauyi. A 2022, cikin littattafan Spelljammer na D&D, an kawo wasu halittu masu kama da birai da ake kira Hadozee, da tarihin cewa wani matsafi ya kama su don ya sayar da su bayi, da zanen da ya tuna wa mutane irin hotunan da aka daɗe ana yi wa baƙar fata izgili da su a Amurka. Masu karatu suka nuna ɓacin ransu. A watan Satumba kamfanin ya fito ya nemi afuwa, ya cire rubutun daga na intanet, ya ce bugu na gaba ba zai ɗauke shi ba, daga baya kuma ya ce zai riƙa ba masana al'adu daga waje su duba aikinsa kafin a buga.

Irin wannan gyara ba a yin sa a ɓoye. A faɗi abin da aka cire, a amsa laifi da baki. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba, kuma masu faɗa maka sau da yawa su ne suka fi son wasan. Ƙannenmu masu rubutu su riƙe wannan da kyau. A jihar Gombe kaɗai akwai Fulani, Tangale, Tera, Waja, Bolawa, Tula, Hausawa da sauransu, Musulmi da Kirista, kuma duk suna iya zama a tebur ɗaya. In ka ƙirƙiro wata ƙabilar tsaunuka a labarinka ka mai da su miyagu, ka ba su tufafi da sunaye irin na maƙwabtanka, maƙwabtan za su gane kansu. Ka ba mutanen wurin su karanta kafin ka kai maɗaba'a.

Yaushe gyara ke zama sabon zubi?

Ma'aunina shi ne: mai tsohon littafi da mai sabo za su iya zama tebur ɗaya da takarda 'yar shafi kaɗan a tsakaninsu? In eh, gyara ne. In a'a, sabon zubi ne, a kira shi da sunansa.

Zubi na uku na Dungeons & Dragons ya fito a 2000, a 2003 aka fitar da 3.5. Shekara uku kacal, mutane suka sake sayen manyan littattafai uku, kuma da yawa sun ji zafi. Amma lambar ta faɗi gaskiya, ka ga 3.5 ka san ba 3 ba ne, sannan an ba da ɗan littafin daidaita tsofaffin littattafai kyauta. A 2024 kuwa an sake rubuta littattafan 2014 aka ce zubi na biyar ne har yanzu. Tsofaffin labarai suna tafiya da sababbin ƙa'idoji, wannan gaskiya ne. Sai dai yanzu in wani ya ce maka yana yin zubi na biyar, dole ka tambaye shi na 2014 ko na 2024. Paizo ma sun sake tsara zubinsu na biyu a ƙarshen 2023, suka canza sunaye da dama suka cire wasu ƙa'idoji, suka kuma fitar da gyaran da zai daidaita tsofaffin littattafai da sababbi.

Kamfani yana da 'yancin sabunta hajarsa, da ita yake ci. Abin da ke kansa shi ne suna bayyananne a bango, takardar daidaitawa kyauta, da sanarwa tun da wuri, don kada mutum ya tara kuɗin wata da watanni ya sayi littafin da saura kwanaki a maye gurbinsa.

Dole ne teburinmu ya bi kowane gyara?

Ba dole. Littattafan da kansu suna cewa hukuncin ƙarshe na mai jan wasa ne. A teburinmu kuskuren hannu muna gyara shi nan take da fensir. Canji na gaske kuwa sai labarin da muke ciki ya kai ƙurunƙus, kuma duk wanda canjin ya taɓa jaruminsa yana da damar sake gina shi ba tare da asarar komai ba. Inda bin gyara ya zama wajibi shi ne wasan da ake shiryawa tsakanin baƙin juna, a taro ko gasa, domin a can dole kowa ya zo da doka ɗaya.

Yaya, mu da muke son fitar da namu da Hausa, me za mu yi tun yanzu?

Tun ran gini tun ran zane. Ku sa lambar fitowa da kwanan wata a shafin farko da ƙasan kowane shafi, tun daga kwafin gwaji da za ku raba a WhatsApp. Fayil ɗin da ya shiga waya goma ba ya dawowa, bayan wata shida za ku tarar da iri huɗu suna yawo, kuma lambar nan ce kaɗai za ta raba gardama.

Kada ku fara da bugu mai yawa. Ku buga kaɗan, ku ba tebur uku ko huɗu waɗanda ba ku cikinsu, ku zauna gefe ku yi shiru. Duk inda suka tsaya suna musu, ku sa alama. Ku da kuka rubuta ba za ku ga giɓin ba, don kanku yana cike shi da abin da kuka nufa.

In za ku gina a kan ƙa'idojin da ake da su, akwai hanya halattacciya. A watan Janairu na 2023, bayan doguwar taƙaddama kan lasisin da Wizards suka so canzawa, sun saki kundin ginshiƙan ƙa'idojinsu, SRD 5.1, ƙarƙashin lasisin Creative Commons. Kowa na iya fassara shi ya gina a kai, matuƙar ya ambaci masu shi yadda lasisin ya tanada. A 2025 sun fitar da 5.2 mai bin sababbin littattafai. Ku rubuta ƙarara wanne kuka ɗauka. Ku kuma tsayar da kalmominku tun farko a jeri guda: in kun kira abu "zagaye" a babi na biyu, kada ya zama "juyi" a babi na biyar, mai karatu zai ɗauka abu biyu ne.

Sai matsalar da ta keɓanta da mu, wato haruffa masu lanƙwasa. Ba kowane salon rubutu na kwamfuta ke ɗauke da ƙ da ɗ da ɓ ba. Za ku tsara komai lafiya a taku, a buɗe a kwamfutar maɗaba'a, su koma akwatuna ko su zube su bar k da d da b. A labari mai karatu zai gane daga yanayin magana. A ƙa'ida kuwa ma'ana na iya juyewa gaba ɗaya. "Idan garkuwa ta kare, jarumi ba ya rasa maki" magana ce a kan garkuwar da ta tare sara. "Idan garkuwa ta ƙare" kuwa garkuwa ce da ta gama aiki ta lalace. Ku kai wa maɗaba'a fayil ɗin PDF wanda aka kulle salon rubutun a cikinsa, ku nemi su fitar muku da kwafi ɗaya tak kafin su kunna inji, ku ba wanda bai taɓa ganin rubutun ba ya karanta shi da ƙarfi, jadawali ma lamba-lamba.

A ƙarshen littafin ku bar shafi biyu farare masu taken "Gyare-gyare", ku rubuta a ƙasa inda za a riƙa samun takardar gyara da watannin da za ta riƙa fitowa. Sannan ku zaɓi mutum ɗaya a cikinku wanda duk kuskuren da aka kawo zai shigar da shi a littafin rubutu guda, da ranar da aka kawo da shafin da yake.